Yadda Za Ka Binciki Gani da Hotunan Ƙwaƙwalwar da Wasu Suka Tara

Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI mai ƙarfin maganaɗisu Tesla 7 ba kowace jami'a ke da ita ba, kuma ko inda take, sai an bi layi kafin a samu awa guda a kanta. A da, wanda ba shi da irin wannan na'ura a kusa sai dai ya karanta abin da wasu suka gano game da yadda ƙwaƙwalwa ke gani, ya yarda ko ya ƙi. Yanzu manyan cibiyoyin bincike suna zuba ɗanyen abin da suka auna a intanet, kowa ya ɗiba kyauta. Mai kwamfuta da ɗan sanin yaren shirya manhaja na Python zai iya riƙe amsar da ƙwaƙwalwar mutum ta bayar a kan hotuna dubu goma, ya yi mata tambayar da masu tara bayanan ba su taɓa tunaninta ba.

Sai dai samun bayanan shi ne mafi sauƙi a aikin. Abin da ke raba binciken kirki da na banza shi ne sanin yadda aka auna abin da ke hannunka, da kuma sanin nawa ne a cikinsa amsar ƙwaƙwalwa, nawa ne hayaniya. Jagoran nan a kan wannan ya fi nauyi.

Abin da na'urar ke aunawa

Kafin a taɓa ko fayil ɗaya, a cire wani zato daga kai: fMRI, wato MRI mai bin aikin ƙwaƙwalwa, ba ta ganin ƙwayoyin jijiya suna aiki. Jini take bi. Idan wani yanki na ƙwaƙwalwa ya shiga aiki, jini mai ɗauke da oksijin yakan kwararo masa fiye da bukatarsa, kuma jini mai oksijin da wanda ya rasa shi ba su amsa maganaɗisu iri ɗaya. Wannan bambancin ne ake kira siginar BOLD, wadda Seiji Ogawa ya bayyana a 1990.

Abu biyu suka biyo bayan haka. Na farko jinkiri: an haska hoto yanzu, ƙwayoyin jijiya sun amsa cikin ƙasa da daƙiƙa guda, amma siginar jini ba ta kai ƙarshen hawanta sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6, sannan ta ɗauki lokaci tana sauka. Idan ana haska hotuna a jere, amsar wannan takan hau kan ta wancan, sai an warware su da lissafi. Na biyu kauri: ana raba ƙwaƙwalwa zuwa ƙananan akwatuna da ake kira boksel, kowanne milimita 2 ko 3 a kowane gefe, kuma a cikin boksel ɗaya akwai ƙwayoyin jijiya dubbai ɗaruruwa. Lambar da za ka gani a fayil amon taro ce, ba muryar mutum ɗaya ba.

Sa'ar mai binciken gani ita ce wannan ɓangare na ƙwaƙwalwa an fi saninsa. Saƙon ido yakan fara sauka a ƙeya, a yankin da ake kira V1, kuma a jere yake sauka kamar taswira: abin da ke hagun inda ka kafa ido yana zuwa ɓarin dama, na dama yana zuwa hagu, tsakiyar gani kuma ta kwashe fili mai yawa fiye da gefe. Daga nan sai V2, V3, V4, har zuwa ƙasan ƙwaƙwalwa inda ake samun yankunan da suka fi karkata ga wasu abubuwa: FFA na fuska, wanda Nancy Kanwisher da abokan aikinta suka bayyana a 1997, da PPA na wurare a 1998. Riƙe waɗannan da kyau, domin da su za ka gane ko lissafinka na tafiya daidai.

Mataki na 1: Rubuta tambayarka kafin ka zaɓi kundi

Yawancin masu farawa sukan tambayi wane kundi ne ya fi girma. Ba nan ake farawa ba. Rubuta tambayarka a layi ɗaya, sannan ka duba me take bukata: hotuna masu yawa a kan mutum kaɗan, ko mutane masu yawa a kan abu kaɗan, ko kuwa sanin lokacin da abu ya faru.

Idan kana son hotuna masu yawa na rayuwar yau da kullum, kundin NSD ne a gaba. Kendrick Kay da Thomas Naselaris suka jagoranci tara shi a Jami'ar Minnesota da ke Amurka, aka wallafa bayaninsa a mujallar Nature Neuroscience a 2022. Mutum 8 ne, an auna su a na'urar Tesla 7, kowannensu ya yi zama 30 zuwa 40 cikin kusan shekara guda, ya ga hotuna daban-daban 9,000 zuwa 10,000, waɗanda aka tsara a nuna kowanne sau uku. Hotunan daga wani babban tarin hotuna mai suna COCO aka ɗebo su, guda 73,000 gaba ɗaya, kuma an ware 1,000 da aka tsara kowa ya gani.

Idan abubuwa ɗaiɗai ne damuwarka, wato guduma da doki da kujera kowanne shi kaɗai a hoto, ka dubi THINGS na Martin Hebart da Chris Baker. Tarin hotunansu ya ƙunshi nau'in abu 1,854 a hotuna sama da 26,000. Ɓangaren fMRI mutum 3 ne kawai da hotuna 8,740, amma ga abin da ya sa nake son kundin: an nuna hotuna daga tari ɗaya a ƙarƙashin MEG da EEG, na'urorin da ke kama lokaci daidai da milidaƙiƙa, an kuma tara hukuncin mutane miliyan 4.7 a kan wane abu ne ya fita daban cikin uku. Mai son haɗa "ina" da "yaushe" da "yaya mutane ke jin kamanni" ya samu gida.

Akwai BOLD5000 na Jami'ar Carnegie Mellon, na 2019, mutum 4 da hotuna kusan 5,000 a Tesla 3. Akwai vim-1 na ɗakin binciken Jack Gallant a Berkeley, wanda aka gina wani bincike na 2008 a kansa: mutum 2, hotuna marasa launi 1,750 na horar da samfurin lissafi da 120 na gwada shi. Tsoho ne amma ƙarami, kuma yankunan gani na farko sun fito tsaf a cikinsa. Ƙungiyar Yukiyasu Kamitani a Kyoto ta raba kundin 2017 mai mutum 5, wanda har da tunanin hoto a zuci aka auna. Wanda kuwa tambayarsa ita ce yadda taswirar gani ke bambanta daga mutum zuwa mutum, mutum 8 ba za su ishe shi ba, sai ya nemi taswirar gani ta mutum 181 da aka fitar daga Human Connectome Project a 2018.

Mataki na 2: Yi rana guda da kundin Haxby

Ko da NSD ka nufa, kada ka fara da shi. James Haxby ya wallafa wani bincike a mujallar Science a 2001: mutum 6, an nuna musu rukunin hotuna 8, wato fuska, kyanwa, gida, kujera, almakashi, takalmi, kwalba da hotunan da aka hargitsa. Kundin ƙarami ne, kuma manhajar nilearn tana sauke maka shi da umarni ɗaya.

Ka saka Python da nibabel da nilearn da scikit-learn. Buɗe fayil ɗin, ka duba siffarsa: gefe uku na wuri, na huɗu na lokaci. Zana yanka ɗaya ka kalla da idonka. Ɗauki boksel guda ka zana yadda lambarsa ke hawa da sauka a tsawon zango, wato aunawa ɗaya da na'ura ta yi ba tsayawa, za ka ga tana zamewa a hankali ko ba a nuna komai ba, wannan ita ce hayaniyar da za ka zauna da ita har ƙarshen aikinka. Sannan ka horar da na'urar rarrabewa mai sauƙi ta gane fuska daga gida, kana ajiye zango ɗaya cikin 12 don gwaji, kana juyawa. Fuska da gida sukan rabu da kyau. Idan naka ya tsaya a kashi 50 cikin 100, kuskure ne a wajenka, kuma gara ka gano shi a kundin da ke buɗewa cikin daƙiƙa kaɗan.

Mataki na 3: Izini da saukewa

Kundaye da yawa suna rumbun OpenNeuro, wanda ƙungiyar Russell Poldrack ta Stanford ke kula da shi. Abin da ke can an jera shi bisa tsarin BIDS na 2016: folda ga kowane mutum, a ciki folda ga kowane zama, hotunan ƙwaƙwalwa a fayil na NIfTI, kusa da kowanne ƙaramin fayil mai bayanin yadda aka saita na'ura, da tebur mai faɗin abin da aka nuna a wace daƙiƙa. Ka koyi tsarin sau ɗaya, ka iya karanta ɗaruruwan kundaye. Manhajar DataLad tana ba ka jerin fayilolin duka ba tare da ta sauke su ba, sai wanda ka kira.

NSD yana kan rumbun AWS na Amazon, kuma sai ka cike yarjejeniyar amfani kafin ka shiga. Ka karanta ta, ba dogo ba ce. Kundin gaba ɗaya terabait ne masu yawa, fayil ɗin hotunan da aka nuna kaɗai ya kusa gigabait 40. Ba ka bukatar duka. Ɗauki mutum ɗaya, na 1, ko na 2, ko na 5, ko na 7, domin su huɗun ne suka kammala zama 40. Na 3 da na 6 sun tsaya a 32, na 4 da na 8 a 30, saboda haka akwai hotunan da ba su gani sau uku ba, akwai ma waɗanda ba su gani sam ba.

Sai zaɓin da ya fi muhimmanci: daga wane mataki za ka karɓi bayanan. Akwai ɗanye, kamar yadda ya fito daga na'ura. Akwai wanda aka gyara wa motsin kai da murɗewar hoto. Akwai kuma beta, wato lamba ɗaya ga kowane boksel a kowane nuni, bayan an warware jinkirin jini. Shawarata ga mai farawa: ɗauki beta. Waɗanda suka tara NSD sun kwashe shekaru a kan wannan lissafi, har suka fitar da manhajar GLMsingle daga cikinsa, kuma sun ba da nau'i uku. Na ukun, wanda ya haɗa daidaita siffar jinkirin jini ga kowane boksel da rage hayaniya da lissafin ridge mai matse lambobi don kada su bi hayaniya, shi aka fi aiki da shi. Komawa ɗanye da manhajar gyara ta fMRIPrep yana da amfani ne kawai idan tambayarka a kan gyaran kansa take, ko kundin bai zo da beta ba.

Za ka kuma zaɓi tsakanin akwatunan ƙwaƙwalwar mutumin kansa, masu milimita 1.8 ko 1, da shimfiɗaɗɗen ɓawon ƙwaƙwalwa na gama-gari da ake kira fsaverage, mai ɗigo 163,842 a kowane ɓari. Idan mutum ɗaya kake nazari, zauna a nasa. Idan za ka kwatanta mutane, fsaverage ya fi sauƙi, sai dai ka sani cewa FFA na wannan ba lallai ya faɗa daidai kan na wancan ba.

Mataki na 4: Haɗa kowane hoto da amsarsa

Nan ne ake yin kuskuren da ba ya kuka. Kowane zama na NSD nuni 750 ne: hoto ya tsaya daƙiƙa 3, a huta daƙiƙa 1, mutumin ya kafa ido a ɗigon tsakiya, ya danna maɓalli ya faɗa ko ya taɓa ganin hoton ko sabo ne. Fayil ɗin beta jerin nuni ne, ba jerin hotuna ba, sai ka bi tebur ka gano wane hoto ne a nuni na kaza.

Tarkon shi ne, wasu teburan an rubuta su da ƙidayar MATLAB mai farawa daga 1, wasu da ta Python mai farawa daga 0. Zamewar lamba ɗaya ta isa ta haɗa kowane hoto da amsar maƙwabcinsa. Kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba, lissafi zai tafi lafiya, sakamako ya fito sifili, kai kuma ka zauna kana zargin samfurinka. Haka nan jerin gefuna yakan juye tsakanin fayil na HDF5 da na NIfTI, a dubi siffar kowanne kafin a ɗora fayil mai ware yankin da ake so a kansa. Lambobin beta na akwatunan ƙwaƙwalwa kuma an ajiye su ne bayan an ninka su da 300 don rage girman fayil, sai ka mayar da su lamba mai ɗigo ka raba da 300 kafin su koma kashi cikin ɗari na canjin sigina.

Gwajin da zai kwantar maka da hankali mai arha ne. Hotunan COCO suna zuwa da bayanin abin da ke cikinsu. Ware waɗanda mutum ya cika su da waɗanda babu mutum, ka kwatanta matsakaicin amsa a yankunan fuska da jiki, waɗanda NSD ya riga ya zana wa kowane mutum ta wani gwaji daban. Idan masu mutum sun fi, haɗinka daidai ne. Idan babu bambanci, koma kan tebur.

Bayan haka ka daidaita kowane boksel a cikin kowane zama: cire matsakaicinsa na zaman, ka raba da gwargwadon yaɗuwarsa. Mutum ya shiga na'ura ranaku daban-daban har shekara, wata rana ya yi barci sosai, wata rana bai yi ba, kansa ma bai kwanta daidai inda ya kwanta jiya ba. Idan ba a goge wannan ba, samfuri zai koyi ranar zama maimakon hoto.

Kada ka loda ƙwaƙwalwa duka. Akwatin mutum na 1 a milimita 1.8 ya kusa boksel 700,000, mafi yawansu ma ba ƙwaƙwalwa ba ne. Yankin da aka sa wa suna nsdgeneral, mai tattare da inda ya amsa hotuna, boksel 15,724 ne a wannan mutum. Karanta zama ɗaya, yanko yankin, ajiye, wuce na gaba. Da haka kwamfutar cinya ma za ta ɗauka.

Mataki na 5: Auna ƙololuwa

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne na fi so ka daɗe a kansa. Me ya sa aka nuna kowane hoto sau uku, alhali da an nuna sau ɗaya da an ninka yawan hotuna uku? Domin maimaici ne kaɗai hanyar sanin nawa ne na hoto a cikin amsar. Hoto bai canja ba, mutum bai canja ba, amma lambobi uku da boksel ya bayar ba za su zo ɗaya ba. Numfashi, bugun zuciya, ɗan motsin kai, hankalin da ya tafi wani wuri, zafin na'ura, duk sun sa hannu. Abin da ya dawo a duk ukun shi ne na hoto. Abin da ya sauya, babu samfurin da zai iya hasashensa daga hoton, komai ƙwarewarsa.

Saboda haka kowane boksel yana da ƙololuwa, iyakar abin da za a iya hasashe a kansa. NSD ya ba da lamba ga kowane boksel mai suna ncsnr, wato girman sigina a kan girman hayaniya. Lissafin gajere ne: ninka lambar da kanta, sannan ka raba abin da ya fito da jimlarsa da 1 bisa yawan maimaicin da ka haɗa. Ɗauki boksel mai 0.5. Ninkinsa 0.25. A nuni ɗaya, 0.25 bisa 1.25, ƙololuwa kashi 20 cikin 100. Idan ka haɗa matsakaicin nuni uku, 0.25 bisa 0.583, ta hau zuwa kusan kashi 43.

Dubi abin da wannan ke yi wa fassara. Samfurinka ya bayyana kashi 15 na sauye-sauyen wani boksel. Wanda bai auna ƙololuwa ba zai ce ya gaza. Amma idan ƙololuwar 20 ce, ya kwashe uku bisa huɗu na abin da ke akwai. A wani boksel kuma mai ƙololuwa 60, wannan kashi 15 ɗin rubu'i ne kawai, akwai babban abin da samfurin bai gane ba. Haka ma kwatanta yankuna: sau da yawa a ce samfuri ya fi dacewa da yankin kaza, alhali siginar yankin ce ta fi tsabta, watakila don babbar jijiyar jini ta ratsa kusa, ko don ya fi kusa da abin da ke karɓar sigina a na'urar. Kwatanci tsakanin yankuna ko tsakanin mutane ba tare da ƙololuwa ba, ni ba na ɗaukarsa hujja.

Zana taswirar ƙololuwar a kan ƙwaƙwalwa kafin ka gina komai. Ya kamata ƙeya ta haskaka, ta bi ƙasa da gefe, gaban kai ya dushe. Boksel mai ƙololuwa kusa da sifili kuma a cire shi, domin raba lamba da abin da ya kusa sifili yakan haifar da sakamako mai girman ƙarya. Ka yanke iyakar cirewa tun yanzu, ka rubuta ta, kada ka dawo kana matsa ta bayan ka ga sakamako. Kundin da bai zo da wannan lamba ba amma yana da maimaici, raba maimaicin gida biyu ka auna yadda suka dace da juna. Wanda ba shi da maimaici ko kaɗan, ka yi taka-tsantsan da duk abin da za ka ce a kansa.

Mataki na 6: Raba na horo da na gwaji

Tun ran gini ran zane. Ware na gwaji yanzu, ka rufe shi, kada ka buɗe sai ƙarshe. A NSD al'ada ita ce hotuna 1,000 na kowa da kowa su zama gwaji, sauran su zama horo, wanda hakan ke sa sakamakonka ya kwatantu da na wasu.

A raba bisa hoto, ba bisa nuni ba. Idan ka watsa nuni 30,000 ka yanka, nunin farko na hoto zai faɗa horo, na biyunsa ya faɗa gwaji, samfurin ya ci jarrabawar da ya riga ya ga takardarta. A kundin da ake nuna rukuni ɗaya a jere na tsawon daƙiƙu, irin na Haxby, a raba bisa zango, domin ma'auni biyu da ke maƙwabtaka a lokaci suna kama da juna saboda jinkirin jini kawai.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne zaɓen boksel da bayanan da za a yi gwaji da su: ka tsinto waɗanda suka fi amsa fuska, sannan ka sanar cewa suna amsa fuska sosai. Nikolaus Kriegeskorte da abokan aikinsa sun yi rubutu a kansa a 2009, suka nuna ya yaɗu a manyan mujallu. A shekarar ne kuma Craig Bennett ya nuna sakamakon mataccen kifi da aka sa a na'ura aka "nuna" masa hotunan mutane, aka samu boksel masu alamar aiki, don kawai an yi gwaji dubbai ba tare da gyaran yawan gwaji ba. Kai ma boksel dubu goma sha biyar kake gwadawa.

Mataki na 7: Gina samfuri mafi sauƙi tukuna

Hanya biyu ce. Ko ka tashi daga hoto ka yi hasashen amsar boksel, ko ka tashi daga boksel ka gano hoton. Ta biyun ta fi jan ido, amma ta farkon ta fi koyar da yadda gani ke aiki, domin tana tilasta maka faɗin wace siffa ta hoto kake zaton yankin ke bi.

Tsarinta ba wuya. Mayar da kowane hoto jerin lambobi. Za ka iya farawa da matatun Gabor, masu auna layi da kusurwa da kauri a kowane gefen hoto, irin abin da David Hubel da Torsten Wiesel suka gano ƙwayoyin V1 na amsawa. Ko ka zuba hoton a samfurin gani da aka riga aka horar, kamar AlexNet ko CLIP, ka ɗebi lambobin kowane hawa, wato kowane matakin da hoto ke bi a cikin samfurin. Idan sun yi yawa ka rage su da hanyar taƙaita lambobi ta PCA, amma ka koyi ragin daga na horo kaɗai. Sannan ka yi lissafin ridge daga lambobin zuwa kowane boksel, kana zaɓen ƙarfin matsi a cikin na horo. Manhajojin himalaya da fracridge don wannan aka yi su. A ƙarshe ka buɗe na gwaji sau ɗaya, ka auna, ka raba da ƙololuwa.

Akwai abin da ya kamata ka gani idan komai na daidai, domin an sha samunsa tun binciken 2014 da 2015: hawan farko na samfuri ya fi dacewa da V1 da V2, hawa na gaba-gaba ya fi dacewa da yankunan fuska da wurare. Boksel na ɓarin hagu ya dogara da damar hoto. Ka kuma hargitsa haɗin hoto da amsa da gangan, ka maimaita komai. Dole sakamako ya faɗi ƙasa. Idan bai faɗi ba, akwai ɗigar bayani daga gwaji zuwa horo.

Yi wa mutum ɗaya, sannan ka maimaita wa sauran bakwai ba tare da ka taɓa saiti ba. A irin wannan kundi kowane mutum gwaji ne mai zaman kansa. Nuna takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, kada ka ɓoye su a cikin matsakaici.

Mataki na 8: San iyakar abin da za ka iya cewa

Kundin da aka raba yana haifar da abin da ba a zata ba. A 2022 da 2023 ƙungiyoyi uku daban-daban, kowacce da hanyarta, sun tono daga NSD cewa akwai wani ɓangare a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke karkata ga hotunan abinci, abin da ba don shi aka tara kundin ba. Sai dai sun sha aikin tantance ko abincin ne ke jawo amsar, ko kuwa launi ko zagayen faranti. Haka hotunan duniya suke, abubuwa a haɗe suke zuwa: jirgi da sararin sama, ciyawa da filin wasa. Duk abin da ka gano, tambayi me ke rakiyarsa a hoton.

Hotunan COCO kuma abin da masu kyamara suka ga dama suka ɗauka suka ɗora a shafin hotuna na Flickr ne, ba samfurin duk abin da ido ke gani ba. Mutum takwas ɗin matasa ne, shekara 19 zuwa 32, kuma an zaɓo su daga cikin 14 saboda ingancin siginarsu. Suna kwance, ido a kafe, alhali a rayuwa ido yakan yi tsalle kusan sau uku a daƙiƙa. Aikin tuna hoto da aka ba su ma yana cikin siginar, kuma amsar nuni na biyu takan ɗan ragu a kan ta farko.

A kan sake zana abin da mutum ya gani, wanda ya yi tashe bayan aikin Yu Takagi da Shinji Nishimoto na 2023 da samfurin ƙirƙirar hoto na Stable Diffusion, a yi hattara. Irin waɗannan samfura sun iya ƙirƙiro hoto mai kyau daga ɗan abu kaɗan. Ƙwaƙwalwa ta ba da "dabba a fili", samfurin ya cike sauran daga abin da ya sani. Ƙungiyar Kamitani ta ja hankali a kan haka. Idan za ka yi, gwada da hotunan da ba su da dangi a cikin na horo, kuma ka nuna waɗanda suka lalace tare da waɗanda suka yi kyau.

Sai haƙƙin masu ƙwaƙwalwar. Hoton tsarin kai na MRI yana ɗauke da siffar fuska. Wani bincike na Mayo Clinic a 2019 ya nuna manhajar gane fuska ta gano mutum 70 cikin 84 daga irin wannan hoto. Shi ya sa ake goge fuska kafin a raba, kuma yarjejeniyoyin suka hana ƙoƙarin gano ko su wane ne. Kada ka sake ɗora fayilolin a wani wuri idan yarjejeniya ba ta ba da dama ba, nuna wa mutane inda za su samu da kansu.

Idan ka zo fitar da naka, rubuta ainihin abin da ka ɗauka: wane kundi, wane bugu, wane nau'in beta, milimita nawa, waɗanne mutane, zama nawa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a NSD, domin an riƙe zama uku na ƙarshe na kowane mutum saboda gasar hasashen amsar ƙwaƙwalwa ta Algonauts ta 2023 kafin daga baya a sake su, don haka za ka ga tsofaffin takardu na cewa hotunan gwaji 982 ne, sababbi na cewa 1,000. Umarnin kwamfutar da ka rubuta ka ɗora a GitHub tare da jerin hotunan horo da na gwaji, taswirorin da ka fitar kuma NeuroVault na karɓarsu.